Ɗanmaraya Jos: Makaɗin Da Ya Kai Kirari Inda Ba A Biya

A ƙasar Hausa ana gane girman makaɗi tun kafin ya buɗe baki, daga yawan mutanen da ke bayansa. In Musa Ɗanƙwairo zai yi wasa, sai an share fili saboda masu kotso da 'yan amshi. Mamman Shata ba ya tafiya sai da masu kalangu da yaran da ke karɓa masa. Ko Barmani Choge tana da matan da ke zaune gaban ƙwarya suna kaɗawa suna amsawa. Kiɗa a wurinmu aikin gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ga wani mutum daga Jos yana hawa dandamali shi kaɗai, riƙe da wani ɗan abu da zai shige aljihun babbar riga, ba mai ganga, ba ɗan amshi, aka kuma wayi gari in ana lissafin manyan makaɗan Hausa na ƙarni na 20 da wuya a ƙirga biyar ba a ambace shi ba.

Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni, 2015, a kwanakin farko na azumin shekarar, bayan ya sha jinya. Abin da aka fi maimaitawa a ta'aziyyarsa shi ne "mawaƙin talakawa". Gaskiya ne, amma kalmar tana saurin rufe magana, don makaɗa da yawa sun tausaya wa talaka. Abin da nake so in warware shi ne yadda aka yi ya zama abin da ya zama. A ganina abubuwa uku da ake ambata game da shi a warwatse, wato maraicinsa, da kuntiginsa, da irin mutanen da ya zaɓa ya waƙe, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

An haife shi a 1946 a Bukuru, kudu da Jos, ana kiransa Adamu Wayya. Bukuru ba irin Katsina ko Daura ba ce, inda kowa ya san kakan kowa. Gari ne da kuza ta tara. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a ƙasar Birom suna haƙa, aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914, mutane suka yi ta kwararowa neman aiki daga Kano, Sakkwato, Barno da kudancin ƙasar. A 1942, shekara huɗu kafin haihuwarsa, Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa babbar hanyar samun kuza, sai suka ɗora aikin tilas. Aka riƙa kwaso maza daga lardunan Arewa ana kawo su ramukan Filato cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawansu ba su koma gida ba. Ke nan yaron ya buɗe ido ne a tsakiyar leburori, 'yan dako, masu tuwo-tuwo, direbobi da yaransu, mutanen da suka baro asalinsu a wani gari suka zo cin guminsu. Duk wanda ya san waƙoƙinsa ya san waɗannan ne mutanen da suka cika su.

Mahaifinsa makaɗin fada ne, yana yi wa Sarkin Bukuru kiɗa. Ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan sunan ya fito. To a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin kiɗan fada ba a aji ake koyonsa ba. Yaro yana tashi ya ga uba na ɗaure ganga, ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga sahun amshi, ya haddace kirarin gidan sarauta kaka da kakanni, ya san wanda ake yabo da wanda ake sakar wa habaici, har ranar da uban zai gaza ya miƙa masa. Kuma ba kayan kiɗa kaɗai yake gada ba, har da ubangida. Ba a ambaton Narambaɗa sai a tuna Sarkin Gobir na Isa, ba a ambaton Salihu Jankiɗi sai a tuna fadar Sarkin Musulmi. Makaɗin fada yana da ci da sha da sutura da doki, amma bakinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Abokin gaban sarki abokin gabansa ne, kuma abin da fada ba ta son a faɗa ba zai fito a waƙarsa ba.

Adamu ya gaji jinin kiɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mutuwa ta tsinke igiyar da za ta ɗaure shi a turken fada. Babu uban da zai ɗora masa kayan kiɗan gida a kafaɗa, babu sahun amshin da zai tsaya a ciki shekara goma yana jiran lokacinsa. Ba cewa nake maraici alheri ba ne. Wanda ya tashi bai san fuskar uwa ko ta uba ba ya yi rashin da babu shaharar da za ta biya. Amma mutumin nan bai ɓoye rashin ba, ya ɗauke shi ya mayar da shi suna, kuma ya rayu yana kallon duniya daga inda maraya ke kallonta, wato daga bakin ƙofa, inda ake ganin wanda aka zuba wa tuwo da wanda aka manta da shi.

Kuntigin kuwa a Maiduguri ya gan shi yana yaro, a hannun wasu makaɗa, ya burge shi, ya haɗa nasa. Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba: gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa 'yar sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya. Shi ke nan. Ba tambari ba ne da sai sarki mai sanda ake buga wa, ba kotso ko taushi ba da suke da gidajensu na gado. Kayan kiɗa ne da yaron da ba shi da ko anini zai iya haɗawa da abin da aka yar. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Amma zaɓen kuntigi ya jawo wani abu da ya fi arha muhimmanci, kuma a nan ne nake ganin asirin fasaharsa yake. Mu dubi aikin amshi a waƙar baka. Masu nazari irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sukan yi maganar gindin waƙa da ɗiyanta, wato layin da ake ta maimaitawa da baitocin da ke zuwa tsakani. Jagora ya yi ɗa, yara su karɓa da gindi, ya sake yin wani ɗan, su sake karɓa. Amshin nan yana ba jagora damar jan numfashi, yana ba shi lokacin da zai ƙulla maganar da zai faɗa gaba, yana kuma riƙe mai sauraro, ko hankalinsa ya tafi zai dawo ya tarar da gindin yana nan. Shi ya sa irin wannan waƙa take iya zagayawa tsawon dare, a yabi wannan, a koma gindi, a yabi wancan. Ɗanmaraya ba shi da masu karɓa masa. In ya yi shiru, tsirkiyar ce ke cike gurbin, ita ce 'yar amshinsa. Wanda ba shi da inda zai jingina kuwa dole ya yi ta tafiya. Sai waƙarsa ta fi karkata ga miƙewa gaba kamar labari: ga wance, ga abin da ta ce, ga abin da mijinta ya mayar mata, ga inda abin ya kai su. Abin da zai riƙe mai sauraro shi ne son jin yadda za ta ƙare, kamar yadda yara ke kasa kunne a gaban mai tatsuniya.

Sannan zamani ya zo masa daidai. Kuntigi ba shi da amon da zai cika filin hawan salla, kalangu biyu za su danne shi. Da a ƙarni na 19 aka haife shi, da iyakarsa zaure da bakin kasuwa. Amma ya tashi ne lokacin da makirufo da akwatin rediyo ke yaɗuwa. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, yana ɗan shekara 15 zuwa 16, daga baya kaset ya biyo. A cikin rediyo ƙaramar murya da babba ɗaya suke, har ma wanda ba ganguna a bayansa ya fi fita tsaf, kowace kalma ana jinta. Mutum na kwance a ɗakinsa a Damagaram ko Kumasi sai ya ji kamar shi kaɗai ake wa magana.

Waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau da yawa suka fi saninsa da ita, ita ce ta Karen Mota. A tsaya a ji sunan kansa. Mutum ne, ɗan wasu, amma sana'arsa ta sa ana kiransa kare. Shi ne mai kiran fasinja, mai lodi, mai ɗaure kaya da igiya, mai dira da gudu ya sa weji a ƙarƙashin taya in mota ta gaza a hawa irin na Hawan Kibo, mai kwance taya a kai faci, mai zuba ruwa a lagireto, mai turi in ta ƙi tashi. Direba na gaba a inuwa, shi yana bisa kaya rana da ruwa suna dukansa. In an sauka lafiya a gode wa direba, in kaya ya ɓata a kama shi.

Me ya sa waƙe wannan yaro ya zama babban abu? Sai an fahimci mene ne kirari a wurin Bahaushe. Kirari ba daɗin baki ba ne kawai, shaida ce a bainar jama'a cewa wane mutum ne, yana da asali, yana da abin da ya yi. Kuma yana da farashi. Sarki ya ba da doki da alkyabba, attajiri ya ba da mota ko kujerar Makka, sai yabo ya bi inda kyauta take. Wani zai ce ai tun da can akwai makaɗan sana'a, kuma haka ne. Mahauta suna da masu yi musu kalangu, manoma suna da gangar noma, maƙera da nasu, 'yan dambe suna da irin su Ɗan Anace. To amma duba: akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Maƙera. Waɗannan sana'o'i ne masu asali da sarauta da take, suna da gurbi a tsohon tsari. Karen mota da lebura kuwa 'ya'yan zamani ne, mota da kamfani suka haife su. Ba su da take, ba su da kakan da za a ambata, ba su da abin liƙi. Direbobi ma sun samu masu yi musu waƙa, har da Shata, domin direba yana da ɗan abin hannu kuma sunansa yana tafiya. Ɗanmaraya ya sauko taki ɗaya ƙasa da direba, zuwa inda babu mai biya, ya ɗauki wannan kaya mai tsada da aka saba shimfiɗa wa sarakuna ya yafa wa yaron da ke kwana a ƙarƙashin mota.

Haka ya yi wa lebura, haka ya yi a Mai Akwai da Babu, inda ya zaunar da mai shi da marar shi ya duba abin da ke tsakaninsu. Kada a ɗauka bai yabi manya ba. Ya yabe su, makaɗi ne, da abin da aka ba shi yake cin abinci. Amma in ka tambayi mutum a tasha ya lissafa maka waƙoƙin Ɗanmaraya, sunayen da za su fara zuwa bakinsa ba na sarakuna ba ne, na sana'o'i ne da halaye.

Inda ya fi daɗewa kuwa shi ne cikin gida. Jawabin Aure, Auren Dole, Gulma Wuya: waɗannan su ne inda salon labarin nan nasa ya nuna kansa sosai. A Jawabin Aure yana zayyana abin da saki ke jawowa, yana jan hankalin ma'aurata su gyara tsakaninsu kafin a kai ga rabuwa. A Gulma Wuya ya kawo magulmaciyar unguwa, wadda ke haɗa baki da boka tana shiga gidaje tana raba aure. Bai tsaya yana cewa gulma haramun ce ba, kowa ya san wannan, malamai suna faɗa kullum. Sai ya shigo da ita ɗakin, ka ji yadda take sallama, ka ji yadda take fara zancen da tausayi, ka ga inda bangon ya tsage har ƙadangare ya samu wurin shiga. Baki ɗaya ne ke magana, amma mutum uku ko huɗu kake ji. Tun kafin a fara finafinan Hausa na bidiyo a shekarun 1990, mutumin nan yana shirya wasan kwaikwayo sukutum da tsirkiya ɗaya.

Auren Dole ta fi buƙatar ƙarfin hali, kuma ina ganin ba a cika yaba masa wannan yadda ya kamata ba. A lokacin da ya yi ta, uba ya ba da 'yarsa ga wanda ya ga dama ba abin kunya ba ne, abin alfahari ne, alamar gida mai tarbiyya. Ga kuma maganar ikon uba a kan budurwa da ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya, wanda mutane da yawa suka ɗauke shi ba tare da sharuɗɗansa ba, suka kuma manta da hadisin neman izininta. Makaɗi, wanda dama ana kallonsa a matsayin maroƙi, ya tashi ya ce wa iyaye abin da kuke yi ba daidai ba ne, ya kuma faɗa ta rediyon da ke ajiye a zauren uban kansa. Yarinyar da ba ta isa ta ɗaga ido ta kalli babanta ba, ga wani yana faɗin abin da ke ranta, kuma baban yana ji yana kaɗa kai saboda daɗin kiɗan. Malami zai iya yin wa'azi a kan wannan, amma matan da ke cikin kulle ba su cika zuwa wurin wa'azi ba. Rediyo kuwa yana shiga har ɗaki.

Akwai wani abu game da Hausarsa da ya kamata a faɗa. In ka saurari Narambaɗa ko Sa'idu Faru, kai Bakano ko Bazazzagi, akwai wuraren da sai an yi maka fassara, saboda Sakkwatanci da tsofaffin kalmomin fada da zurfin habaici. Wannan kyau ne, kuma ba na so a rage shi. Ɗanmaraya kuwa da Hausar Jos yake waƙa, Hausar da Birom da Angas da Bayarabe da Ibo da Bahaushe ke ciniki da ita a kasuwa ɗaya. Kalmominsa na yau da kullum ne, jimlolinsa gajeru. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rashin zurfi. Ni kuwa ina ganin faɗin magana mai nauyi da kalmomin da yaro zai gane ya fi wuya a kan ɓoye ta cikin kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Waƙarsa ta Ɗan Adam mai wuyar gane hali falsafa ce tsantsa a kan yadda ba a iya wa mutum, amma babu kalma ɗaya a cikinta da mai sayar da rake zai tsaya tambaya. Wannan ne ya sa masoyansa suka wuce Hausawa, suka wuce Musulmi. Ya manna sunan Jos a jikin nasa, ya kuma zauna a garin har ƙarshen ransa, ya ga rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, lokacin da unguwanni suka rabu gida biyu. Yana cikin 'yan abubuwan da kowane ɓangare ke cewa namu ne.

Yanzu ga wuraren da ake iya yi masa tambaya, domin son mutum ba ya hana a duba shi da idon basira.

Na farko, alaƙarsa da hukuma. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967 yana saurayi ɗan shekara 20, kuma ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa sojojin tarayya, yana siffanta abin da ke faruwa a fagen daga. Daga nan ƙofofin gwamnati suka buɗe masa, ya zama wanda ake gayyata tarukan hukuma, ya samu lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, aka koma ce masa Dokta. Wani zai ce, to ina mawaƙin talakawa a nan, ashe fadar da ya kuɓuce mata ce ta dawo da kaki da babbar riga? Tambayar tana da hujja. Waƙar yaƙi gefe ɗaya take gani, kuma waɗanda ke ɗaya gefen, ciki har da Ibo da suka zauna a Jos da Bukuru kafin kashe-kashen 1966 su kore su, ba za su ji ta yadda ɗan Arewa ya ji ta ba. Wannan gaskiya ce da bai kamata a share ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, sojan da aka tura daga a lokacin galibi ɗan talaka ne da aka ɗauka cikin gaggawa, ƙanin lebura ne, wan karen mota. Ko a can ɗin, mutanensa ya bi.

Na biyu ya fi zurfi. Ana iya cewa waƙoƙinsa suna nuna ciwo amma maganin da suke bayarwa haƙuri ne. Mai shi ya ji tausayi, marar shi ya dangana, miji da mata su shirya. Ba ya cewa a rushe tsarin. Ya rayu a zamanin da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, da PRP bayanta suke faɗa wa talaka cewa talaucinsa ba ƙaddara kaɗai ba ce, akwai masu hannu a ciki. In aka auna shi da wannan ma'auni, Ɗanmaraya mai nasiha ne, ba ɗan gwagwarmaya ba. Na yarda da wannan. Inda ban yarda ba shi ne a ce saboda haka aikinsa bai taɓa tsarin ba. Kafin mutum ya nemi haƙƙinsa sai ya fara yarda cewa shi mutum ne da ya cancanci a ambace shi. Yaron motar da ya ji ana waƙe sana'arsa a gidan rediyon da ake waƙe Sardauna, wani abu ya motsa a ransa wanda babu takardar jam'iyyar da za ta motsa. Sannan a Auren Dole ai ba yarinya ya ce ta yi haƙuri ba, iyaye ya ce su bari.

Saura maganar abin da ya bari, kuma nan ne abin ke damuna. Kaɗaicin da ya ba shi 'yanci shi ne ya hana shi magada irin na sauran. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 amma gidansa bai daina kiɗa ba, saboda waɗanda suka tsaya a bayansa suna amshi sun haddace komai, har da yadda ake jan murya. Sahun amshi makaranta ce. Wanda ya yi waƙa shi kaɗai kuwa in ya tafi ya tafi da makarantarsa. Ana samun masu kwaikwayon muryarsa a wurin biki, amma kwaikwayon murya daban, iya kallon mutane daban. Mawaƙan yanzu sun koma sutudiyo da fiyano, kuma ba laifi ba ne, kowane zamani da kayan aikinsa, shi ma ai rediyo ya hau. Abin da na fi ji shi ne yabo ya sake komawa inda kuɗi yake, musamman a kakar zaɓe. Ga 'yan acaɓa, ga masu Keke Napep, ga 'yan ga-ruwa, ga yaran da ke bin bola suna tsintar ƙarfe, ga masu cajin waya a bakin titi. Duka sana'o'in zamani ne marasa take, irin waɗanda da yana da ƙuruciya da tuni ya zauna kusa da su ya ji yadda suke magana.

Waƙoƙin kansu suna nan, amma a warwatse. Suna yawo a YouTube da katin waya, an kwafo daga kaset ɗin da aka kwafo daga wani kaset, wata an yanke mata kai, wata an laƙaba mata sunan da ba nata ba, kusan duka ba shekara a jiki. Wanda ke son ya bi sawun mutumin daga ƙuruciya zuwa tsufa, ya ga yadda tunaninsa ya sauya, zai sha wuya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato nasa har ƙarshen 2085, ke nan duk wanda ke cin riba da su akwai haƙƙin magada a wuyansa. Amma kariya a takarda ba ta hana zaren kaset ruɓewa.

Abin da ake buƙata a bayyane yake, kuma kayan aikin suna kusa. A Jos ɗin nan tasa akwai gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, a nan kuma Hukumar Finafinai ta Najeriya take da ma'adanarta ta ƙasa ta finafinai da sauti. Ga gidajen rediyon Kaduna da Jos da Kano da suka yi shekaru suna sa waƙoƙinsa, ga sassan nazarin Hausa a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo inda ɗalibai suka yi rubuce-rubuce a kansa. Aikin shi ne a tattaro mafi kyawun kwafin kowace waƙa, a mayar da ita ta kwamfuta, a rubuta kalmominta, a sa mata shekara da dalilin yin ta. Na ƙarshen nan ne ba ya jira. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka ɗauki muryarsa, da direbobin da suka ɗauke shi zuwa wasa, da abokan zamansa na Jos da Bukuru waɗanda za su iya cewa wannan kafin yaƙi aka yi ta, waccan bayan an canza kuɗi zuwa naira a 1973, yawancinsu yau sun haura shekara saba'in.